Masaukin George na Southwark: Shaidar Gini da Abin da Marubuta Suka Ɗora Masa

A gefen kudu na Kogin Tems, cikin unguwar Southwark ta birnin Landan, akwai wani tsohon masaukin matafiya da ake kira George. Yana cikin wani lungu ne da ya ɓalle daga babban titin unguwar, watau Borough High Street, tafiyar 'yan mintoci kaɗan daga Gadar Landan. Shi kaɗai ne ya rage a duk faɗin birnin daga cikin masaukai masu barandar katako hawa-hawa, waɗanda a dā keken doki da amalanke ke shiga harabarsu su sauke mutane da kaya. Ginin da ke tsaye yanzu an tayar da shi ne a 1677. An yi rubuce-rubuce masu dama a kansa, amma guda uku ne suka fi tasiri ga yadda ake fahimtarsa: ɗan littafin B. W. Matz na 1918, da juzu'i na 22 na kundin Survey of London wanda ya fito a 1950, da kuma littafin Pete Brown mai suna Shakespeare's Local na 2012. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna abin da aka saba faɗa game da wannan masauki da abin da ginin kansa da takardun tarihi suka tabbatar, domin akwai rata tsakanin biyun, kuma ratar ba ƙarama ba ce.

Tun wajen sunan abin ma akwai 'yar matsala ga mai rubutu da Hausa. In an ce “mashaya” an faɗi abin da wurin ya koma yau, an bar abin da aka gina shi dominsa. In an ce “otal” an kawo kamannin wani zamani dabam. Kalmar “zango” ta fi kusa ta fuskar aiki, tun da zango ne inda ayari ke yada kaya, dabbobi su huta, a kwana a tashi, sai dai zango a bayan gari aka fi saninsa, alhali George a tsakiyar cunkoson birni yake. Wanda ya san aikin fatoma, mai saukar da fatake a gidansa, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, zai fi saurin gane abin da mai irin wannan masauki yake yi. Saboda haka aka zaɓi “masauki” a nan, da sharaɗin mai karatu ya riƙe cewa masaukin mutum ne da dokinsa da hajarsa baki ɗaya.

Gada da titi

Ba a fahimtar George sai an fahimci gadar da ta haife shi. Tun zamanin Rumawa manyan hanyoyi biyu, ɗaya daga Dover da Canterbury, ɗaya daga Chichester, suke haɗuwa a Southwark su nufi mashigin kogin. Gadar dutse da aka fara ginawa a 1176 aka gama a 1209 ita ce kaɗai gadar da ke cikin Landan har zuwa 1750, sa'ad da aka buɗe ta Westminster. Gada ce ƙunci, da gidaje da kantuna a bisanta dama da hagu, ga kuma ƙofa a bakinta na kudu wadda ake rufewa da dare. Duk wanda ya taso daga kudancin Ingila ko daga Turai ta Dover, in magariba ta riske shi, dole ya kwana a Southwark. Mai niyyar sammako zuwa kudu kuma gara ya ƙetare tun da yamma. Mai babbar amalanke kuwa sau da yawa ya gwammace ya sauke kayansa a nan, da ya kutsa cikin turmutsitsin gadar. Wannan ne ya sa masaukai suka jeru a gefen gabas na titin kamar haƙoran mataji: King's Head, White Hart, George, Tabard, Queen's Head, da sauransu. George ya bayyana a wata taswirar Southwark da aka zana wajen 1542, kuma John Stow ya lasafta shi cikin kyawawan masaukan unguwar a littafinsa na bayanin Landan na 1598.

Tsadar bakin titi ita ta tsara siffar waɗannan gidaje. Kowa yana son ƙofarsa ta kalli hanya, don haka aka yanka filayen sirara, fuska 'yar kaɗan, jiki kuwa dogo ya miƙe can baya. Masauki sai ya zama ƙofa ɗaya mai faɗin da amalanke za ta shige, sa'an nan doguwar haraba, gine-gine sun kewaye ta, barga da rumbun ingirici da sito suna can ƙurya. A irin wannan fili bangon baya na kowane sashe yana jingine da na maƙwabci, ba halin a huda masa taga. Haske da iska daga haraba kaɗai za su zo. In aka ce za a yi hanyar wucewa a cikin ginin, to ko dai ta cinye rabin ɗakin, ko ta tare masa haske. Maganin da magina suka samu shi ne su fitar da hanyar waje, su rataya ta a fuskar ginin, kowane ɗakin kwana ƙofarsa da tagarsa su buɗe a kanta. Barandar da masu yawon buɗe ido ke ɗauka hoto yau a matsayin ado, asalinta ke nan: hanya ce ta shiga ɗaki, kuma matsayi ne da baƙo zai leƙo ya ga ko an ɗaura wa kekensa dawaki, ko ya ƙwala wa yaron barga kira.

A watan Mayu na 1676 gobara ta tashi a Southwark ta cinye gidaje wajen 500, ciki har da George da White Hart da Tabard. Shekara goma ke nan bayan babbar gobarar Landan ta 1666, wadda a bayanta aka kafa dokar 1667 da ta tilasta yin gini da jan bulo ko dutse a cikin birnin da ya ƙone. Duk da wannan darasi, da aka tashi sake gina George sai aka bi tsohon tsari sawu da ƙafa, da harabarsa da barandarsa ta katako. A nan ne darajar ginin take ga masanin gine-gine. Shekarunsa na ƙarshen ƙarni na 17 ne, amma zubinsa ya girme shi da ƙarni biyu ko fiye, kamar yadda za a gani in an kwatanta shi da New Inn na garin Gloucester, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 15, kuma har yanzu barandarsa tana kewaye da harabarsa. Waɗanda suka sake gina George ba sha'awar tsohon yayi ce ta ja su ba. Iyakar filin ba ta canja ba, sana'ar ba ta canja ba, ga kuma gaggawar a koma karɓar baƙi kafin su saba da gidan wani.

Abin da ya rage yau sashen kudu ne kawai, dogon gini hawa uku da ɗakuna a ƙarƙashin rufi, wani ɓangare na katako, wani na bulo. Rabin da ya fi kusa da titi shi ne mai baranda hawa biyu, da ginshiƙan katako da 'yan sanduna sassaƙaƙƙu a jere. Ɗaya rabin kuwa fuskarsa ta bulo ce shafe da farar ƙasa, ba baranda. Itatuwan sun ɗan saki, layukan sun karkace, dakalin bene ya lotsa, abin da ke ƙara wa mai kallo jin cewa ginin ya fi shekarunsa tsufa. Bayanin da kundin Survey of London ya yi wa wannan sashe shi ne mafi inganci cikin rubuce-rubucen uku. Ya bi takardun mallaka da na haya ɗaya bayan ɗaya, ya auna, ya zana, bai ƙara gishiri ba. Aibinsa ɗaya, wanda aibin irin wannan kundi ne gaba ɗaya, shi ne ginin ya fito a cikinsa kamar gawa a kan makara: ga tsawo ga faɗi ga sunayen masu shi, amma ba a jin ƙarar kofato ko warin barga.

Sunaye uku da aka jingina masa

Matsalar ta fi yawa ne a ɓangaren adabi. Manyan marubutan Ingila uku ne ake ambata duk sa'ad da aka zo maganar George, watau Chaucer da Shakespeare da Dickens, kuma ya kamata a ɗauke su ɗaya-ɗaya a ga abin da kowannensu ya bari a rubuce.

Na Chaucer ba ya buƙatar dogon bayani. Masu ziyarar kabarin Thomas Becket da ya tara a farkon The Canterbury Tales, a ƙarshen ƙarni na 14, a Tabard suka haɗu, maƙwabcin George ta kudu. Chaucer ya mutu a 1400, fiye da shekara 140 kafin taswirar da ta fara nuna George. Iyakar abin da za a ce shi ne bangon baya na sashen da ya rage yana kallon filin da Tabard ya taɓa zama.

Na Shakespeare ya fi ɗaukar hankali, domin a kansa Pete Brown ya rataya sunan littafinsa, wanda ma'anarsa ita ce mashayar unguwa da Shakespeare ya saba zama. Hujjar da ake kafawa ta kusanci ce. An gina gidan wasan kwaikwayo na Globe a 1599 a bakin kogi, tafiya kaɗan daga George. Akwai alamar cewa Shakespeare ya zauna a Southwark a wajen wannan lokaci. An binne ƙanensa Edmund a majami'ar unguwar a 1607. Duk wannan gaskiya ne. Amma babu takarda ko ɗaya da ta sa ƙafarsa a cikin George. Abin lura ma shi ne ya ambaci masaukan wannan yanki a wasanninsa, sai dai wasu ne dabam. A kashi na biyu na Henry VI ya ambaci White Hart, inda ɗan tawaye Jack Cade ya yi sansani a 1450, a Twelfth Night kuma ya ambaci wani mai suna Elephant. Daɗin daɗawa, ya mutu a 1616, shekara 61 kafin a kafa ginshiƙi ɗaya na ginin da ake gani yanzu. Ko da ya taɓa zama a George, wutar 1676 ta cinye bencin da ya zauna.

Adalci ne a faɗa cewa Brown bai ɓoye wannan ba. Ya amsa cewa shaida babu, ya dogara ga cewa abu ne mai yiwuwa ƙwarai. Ya kuma fuskanci tambayar da gobarar ta haifar, wadda tsohuwar tambaya ce a falsafa: gatarin da aka sake wa ƙota, daga baya aka sake masa ruwa, shin gatarin nan ne na farko? Ra'ayinsa ya karkata ga cewa masauki suna ne da wuri da sana'a da ke gudana, ba katako da bulo kawai ba, saboda haka George na yau shi ne na ƙarni na 16. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce mafi kyawun abin da ke cikin littafin. Sai dai ta warware tambaya ɗaya ne ta bar ɗaya. Ta nuna cewa in Shakespeare ya shiga tsohon George, to ana iya cewa ya shiga wannan. Ba ta nuna ya shiga ba. Marubucin da ya ɗora a bangon littafi abin da ya janye a cikin shafuffukansa ya ci riba sau biyu, ta mai saye da ta mai tarke, kuma bangon ne mutane suka fi gani. Mai nazari da ya saba da yadda ake jingina wa wani waliyyi ko sarki kowace tsohuwar rijiya ba zai yi mamakin wannan ba, amma bai kamata ya karɓe shi daga marubucin da ya shiga ɗakunan adana takardu ya ga babu ba.

Akwai kuma wani reshe na wannan da'awa da ya shafi gini kai tsaye. An daɗe ana cewa gidajen wasan kwaikwayo na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya daga harabar masaukai suka samo siffarsu, 'yan kallo masu kuɗi a baranda, talakawa a tsaye a ƙasa. Tabbas an yi wasanni a wasu masaukan Landan, irin su Bel Savage da Bull da Cross Keys, sai dai masana ba su haɗu a kan cewa daga nan siffar Globe ta fito ba, kuma George ba ya cikin jerin masaukan da aka san an yi wasa a cikinsu a wancan zamani. Wasannin Shakespeare da aka yi a harabarsa a ƙarni na 20 aka yi su, bayan labarin ya riga ya kafu. Watau labarin ne ya jawo wasan, daga baya wasan ya koma yana yi wa labarin shaida.

Dickens ne kaɗai yake da ƙafar tsayawa. Ya san unguwar tun yana yaro, domin a 1824 an tsare mahaifinsa a kurkukun masu bashi na Marshalsea, wanda ke kan wannan titi, shi kuma aka kama masa ɗaki a Lant Street. Ya ambaci George da sunansa a Little Dorrit, wanda ya fito tsakanin 1855 da 1857, a matsayin wurin da ɗan'uwan tauraruwar labarin ya shiga ya rubuta wasiƙar roƙon kuɗi. Ambato ne na wucewa, ba siffantawa. Masaukin da Dickens ya zauna ya siffanta filla-filla, da barandarsa da ƙararrawarsa da yaron da ke goge takalma, shi ne White Hart, a babi na 10 na The Pickwick Papers, inda Sam Weller ya fara bayyana a 1836. To, an rushe Tabard a 1873, an rushe White Hart a 1889. Masoya Chaucer da Dickens suka zo neman abin da suka karanta, suka tarar George kaɗai ke tsaye, kuma rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Har aka sami masu cewa ai George ɗin Dickens ya siffanta, ya sauya masa suna ne kawai.

A nan Matz ya cancanci yabo. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masoya Dickens a 1902, shi ne kuma editan farko na mujallarta, saboda haka da ya so, shi ya fi kowa dalilin rungumar wannan magana. Amma ya ƙi ta, bisa hujja mai sauƙi cewa White Hart yana nan tsaye da barandarsa sa'ad da Dickens ya yi rubutun, kuma ba shi da dalilin kiran wani gida da sunan maƙwabcinsa. Inda Matz ya gaza shi ne wajen launin da ya shafa wa littafinsa. Ya rubuta shi ne cikin begen zamanin keken doki, da ƙahon direba da wutar murhu da naman gashi, irin hoton da ake bugawa a katin gaisuwar Kirsimeti. Wannan bege ne ya kafa wa George laƙabin da ya bi shi har yau, na masaukin keken fasinja, kuma laƙabin yana buƙatar a duba shi.

Keken fasinja ko amalanken kaya

Zamanin da keken doki na fasinja ya yi tashe gajere ne ƙwarai. An fara kafa shingayen karɓar kuɗin hanya don gyaran tituna a 1663, amma ba su yawaita ba sai tsakiyar ƙarni na 18. Keken wasiƙu na John Palmer ya fara gudu tsakanin Bristol da Landan a 1784, ya yi tafiyar cikin awa 16. Ingantattun hanyoyin Telford da McAdam, waɗanda suka ba da damar gudun mil goma a awa tare da sauya dawaki kowane mil goma zuwa goma sha biyar, na shekarun 1820 da 1830 ne. A ƙarshen 1836 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Gadar Landan, kusan a bayan George; dogo ya kai Brighton a 1841, ya kai Dover a 1844. In an auna wannan da shekarun masaukin tun daga 1542, zamanin tashen keken fasinja bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Bugu da ƙari, ko a cikin wannan ɗan lokaci manyan masu harkar ba a Southwark suke ba. William Chaplin, wanda ya mallaki dawaki fiye da dubu, a Swan with Two Necks yake. Edward Sherman a Bull and Mouth. Benjamin Horne a Golden Cross. Dukansu a arewacin kogi. Dalilin a fili yake. Da aka buɗe gadar Westminster a 1750 da ta Blackfriars a 1769, aka kuma kwashe gidajen da ke kan tsohuwar gada wajen 1760, sai ƙuncin da ya tilasta wa matafiyi kwana a Southwark ya kau. Keke mai sauri yana iya tashi daga tsakiyar birni ya ratsa unguwar bai tsaya ba. Ba a ce kekunan fasinja ba su tashi daga George ba. Sun tashi, zuwa garuruwan Kent da Surrey da Sussex, kuma ɗakin da ake kira Parliament Bar a yau nan ne fasinjoji ke jira. Amma ƙashin bayan sana'ar gidan, kafin wannan zamani da cikinsa da bayansa, masu dakon kaya ne, waɗanda ke zuwa mako-mako da amalanke daga ƙauyuka, su kawo amfanin gona da saƙonni, su koma da hajar birni. Jagoran masu dako da John Taylor ya buga a 1637 ya riga ya nuna masaukan Southwark a wannan aiki. Daga Kent kuma ake kawo furen hof, wanda ake sa wa giya don ɗaci da daɗewa, har unguwar ta zama cibiyar cinikinsa.

Babban mai ba da shaida a kan wannan kuwa shi ne Dickens ɗin da ake kafa hujja da shi. A farkon babin nan na 10 ya bayyana cewa tsofaffin masaukan Landan sun riga sun koma matsayar amalanken ƙauye, ya kuma nuna harabar White Hart ba ta da hada-hadar babban masaukin keken fasinja, sai manyan amalanke uku ko huɗu maƙare da kaya. Wannan a 1836 ne, kafin jirgin ƙasa ya taɓa cinikin kowa a wannan titi. Ashe masu neman Dickens a George sun riƙe barandar da ya siffanta, sun saki amalanken da ya ajiye a ƙarƙashinta. Dalilin sakin ba boyayye ba ne. Keken fasinja yana da direba mai kwalliya da baƙi masu labari. Amalanke kuwa buhuna ne da mutumin ƙauye mai tafiyar mil biyu ko uku a awa, wanda ba ya barin wasiƙa ko littafin tarihin rayuwarsa.

Ko agogon bango da ke ɗakin jiran bai tsira daga irin wannan ƙari ba. Ana kiran irinsa agogon dokar majalisa, wai don harajin sule biyar da aka ɗora wa kowane agogo a 1797 ya sa mutane suka rabu da nasu, masu masauki suka rataya manya don jama'a. An yi harajin, an kuma soke shi a 1798 da ya durƙusar da masu ƙera agogo. Amma an fi shekara hamsin ana ƙera irin waɗannan agogo kafin dokar, saboda buƙatar da ta fi haraji daɗewa, watau mai keke da mai dako su san lokacin tashi.

Yadda ginin ya rasa kashi biyu cikin uku na jikinsa shi ma yana goyon bayan wannan karatu. Asibitin Guy's, wanda ke maƙwabtaka da shi ta gabas, ya saye shi a 1849, ya sayar wa kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern a 1874. Kamfanin ya mai da harabar wurin karɓar kaya, sa'an nan a 1889 ya rushe sashen arewa da na gabas don ya gina sito. Marubuta sukan kawo wannan a matsayin ta'asar sabon zamani a kan tsoho, kuma hasara ce babu shakka, tun da ita ta raba George da siffarsa ta haraba kewayayya. Amma kamfanin bai zaɓi wurin da ka ba. Ya saye shi ne don aikin da aka san shi da shi tun ƙarni uku da suka wuce, na tara kaya da rarraba su, sai dai yanzu amalanken tasha take nufa maimakon ƙauyen Surrey. Ta wannan fuska siton kamfanin ya fi kusa da ainihin sana'ar George fiye da liyafar masoya Dickens da ake yi a ɗakin cin abincinsa.

Sashen kudu ya ci gaba da karɓar baƙi a hannun Amelia Murray, wadda ta karɓi wurin a 1878, da 'yarta Agnes, wadda ta riƙe shi har 1934. Babin da Brown ya keɓe wa wannan zamani ya fi na Shakespeare amfani nesa ba kusa ba, domin a nan yana da mutane na gaske da shaidar waɗanda suka gan su. A lokacin ne kuma ra'ayin jama'a game da tsofaffin gine-gine ya juya. Barazanar rushe masaukin Oxford Arms ta sa aka kafa ƙungiyar ɗaukar hotunan kayan tarihin Landan a 1875, William Morris ya kafa tasa ta kare tsofaffin gine-gine a 1877, aka kafa National Trust a 1895. A 1937 kamfanin jirgin ƙasa na London and North Eastern, wanda ya gāji Great Northern, ya miƙa wa National Trust abin da ya rage. A nan dole a sassauta wa masu ƙagen kaɗan. White Hart da Tabard suna da shaidar adabi ta gaskiya, ba ta hana a rushe su ba, domin sun faɗi kafin jin ciwon irin wannan rushewa ya yi ƙarfi. George ya kai lokacin da ake jin ciwon, kuma sunayen da ya ara daga maƙwabtansa suna cikin abin da ya sa aka ga ya cancanci a tsare shi. Da wuya a ce tarihin masu dakon hof shi kaɗai zai tara masa masoya haka.

Yau National Trust ke da ginin, kamfanin giya na Greene King ke haya yana gudanar da shi. Ba a kwana a cikinsa. Ɗakunan da ƙofofinsu ke buɗewa a kan baranda sun koma wuraren cin abinci da taro. Inda sashen arewa yake a dā ofisoshi ne, harabar kuma an jera mata tebura, ga dogon benen Shard, wanda aka gama a 2012, yana leƙo ta daga sama. Mai shiga daga titi yana ganin layi ɗaya ne na gini a damansa, saboda haka yakan ɗauka barandar fuska ce da aka yi don a kalla daga nesa, alhali an yi ta ne tana kallon 'yar'uwarta a ƙetaren haraba mai ƙunci, da dawaki da buhuna a tsakaninsu. Barga da rumbun ingirici da sito, waɗanda su ne suka fi cin fili kuma suka fi kawo kuɗi, ba abin da ya rage daga cikinsu sai a taswira da takardun haya da tsofaffin hotunan da aka ɗauka kafin 1889.